Kaboyi a Ƙasar Hausa: Fim ɗin da Masu Kallo Suka Ɗaga, Suka Kuma Sauke

A watan Agusta na shekarar 2013 kamfanin Disney na Amurka ya sanar da masu hannun jarinsa cewa yana sa ran tafka asarar dalar Amurka miliyan 160 zuwa 190 a kan fim guda ɗaya tak, mai suna The Lone Ranger. Idan aka juya kuɗin zuwa sefa a canjin wancan lokaci, ana maganar miliyar 80 zuwa 95 ke nan. Fim ne na kaboyi, da dawakinsa da malafunsa da harbe-harbensa a bisa jirgin ƙasa, irin wanda duk mutumin Maraɗi da ya ba shekara hamsin baya ya sha kallo a silimar Vox ko ta Ɗan Kasawa. A wancan zamani, a ji cewa yau kaboyi za a saka ya isa ya cika gidan silima maƙil. To me ya faru har nau'in fim ɗin da ya taɓa mallake zukatan samari tun daga Amurka har bakin Gulbi ya koma rijiya gaba dubu, manyan kamfanoni na zuba dukiya ba ta dawowa?

Amsar tana hannun masu kallo, mu ma kuwa muna cikinsu. An kawo wa iyayenmu labarin wasu mutane na nesa, suka karɓe shi da tafi da sowa, suka kwaikwaye shi, daga baya suka auna shi da mudunsu suka ajiye. Iyaye da malaman makaranta da ke fama da yaran da idonsu ba ya barin salula suna da abin ɗauka a cikin wannan tarihi.

Asalin kaboyi

Kalmar ta Ingilishi ce, ma'anarta yaron shanu, wato makiyayin haya. Bayan yaƙin basasar Amurka da ya ƙare a 1865, jihar Texas ta cika da shanun da ba su da daraja a can, alhali biranen arewa da na gabas suna neman nama ruwa a jallo. Sai masu garke suka riƙa ɗaukar samari aiki, su kora shanu tafiyar wata biyu ko uku zuwa tashoshin jirgin ƙasa na jihar Kansas, irin su Abilene da Dodge City. Aiki ne na ƙura da ƙishirwa da ƙaramin albashi. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na waɗannan makiyaya baƙaƙen fata ne, da yawansu bayin da aka ƴanta, ga kuma ƴan ƙasar Meziko waɗanda a wurinsu aka koyi sana'ar tun farko. Gaba ɗaya zamanin bai wuce shekara ashirin da ƴan kai ba. Da layin dogo ya isa ko'ina, manoma kuma suka kewaye gonakinsu da waya mai ƙaya, sai burtali ya toshe, sana'ar ta mutu.

Da sana'ar ta mutu, sai tatsuniya ta gaje ta. Wani mai suna Buffalo Bill ya kafa wasan hawan doki da harbi a 1883, ya yi yawo da shi a Amurka, ya kai shi Landan a 1887 da Faris a 1889. A 1903 aka yi The Great Train Robbery, fim na minti 12 a kan ƴan fashin jirgin ƙasa. A 1939 John Ford ya yi Stagecoach, wanda ya fito da John Wayne. A cikin waɗannan finafinai makiyayin haya ya rikiɗe ya zama farin jarumi mai libarba a ƙugu, wanda ba a ganinsa yana kiwo sai hukunta azzalumai, baƙaƙen makiyayan nan kuwa aka share su daga hoton.

Fim ɗin kaboyi ba shi da tsada: doki, da fili, da ƴan gidajen katako da ake sake amfani da su daga wannan fim zuwa wancan. Shi ya sa kamfanonin Holiwud suke fitar da gommai a kowace shekara, kuma arharsa ce ta kawo shi wurinmu.

Yadda ya iso ƙasar Hausa

A Kano aka buɗe silimar Rex a 1937, a wajen ganuwa, kuma ƴan kasuwar Lebanon ne suka riƙe wannan harka. Jama'a sun san majigin gwamnati da ake kafawa a ƙofar fada a nuna noman auduga da tsabtar gida, amma silimar biya wani abu ne daban, kuma malamai da dattawa sun kalle ta da ƙyama. Sunan da aka fara laƙaba wa hoton mai motsi, dodon bango, ya isa shaida. Ranar 13 ga Mayu 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya ta Kano, mutum 331 suka rasu, mutane da yawa suka ɗauki abin a matsayin ishara. Duk da haka samari ba su daina zuwa ba.

A wannan ɓangare namu, kamfanonin Faransa guda biyu, COMACICO da SECMA, su suka riƙe kusan dukkan rarraba finafinai a ƙasashen Afirka renon Faransa har farkon shekarun 1970. Abin da suke aikowa tsofaffin finafinai ne da suka gama cin kasuwarsu a Turai, an juya muryoyin zuwa Faransanci, faifan ya sha hannu har yana tsinkewa ana tsakar kallo. Maraɗi a lokacin garin gyaɗa ce. Bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 gari ya hau tudu, kasuwa ta buɗe, kuɗi suka shiga hannun samari, kuma daga Tsibiri ko Jiratawa zuwa birni tafiyar keke ce.

Me ya sa kaboyi ya kama zukata haka? Na farko, ba ya buƙatar harshe. Wanda bai taɓa taka lakwal ba yana gane jarumi da mugu tun daga shigarsu da kallon da suke yi wa juna. Na biyu, doki. Mutanen da suka tashi suna kallon hawan salla a ƙofar Sarkin Katsina na Maraɗi da ta Sarkin Gobir na Tsibiri sun san sirdi da linzami da likkafa, sun san mahayin kirki da na banza. Na uku, ƙasar da ake nunawa ta yi kama da tamu: rana, ƙura, rijiya guda da ake rububi a kanta, garken shanu, ɓarayin dabbobi. Na huɗu, muna da gurbin jarumi a al'adarmu tun kafin silima, daga labaran Bawa Jangwarzo da Ɗan Baskore har zuwa kirarin ƴan kokowa da ƴan dambe. Kaboyi ya tarar da shimfiɗa, ya zauna.

Dattawan da suka ga zamanin suna ba da labarin cewa ba a kallo shiru. Ana fito, ana tafi, ana yi wa jarumi ihu cewa mugu yana bayansa, ana zagin shef bandi, wanda a Kano ake kira bos. Wanda ya ɗan ji Faransanci yana fassara wa na kusa da shi, ya ƙara gishirinsa. Da safe yara su sassaƙa bindigar kara su ƙarasa faɗan a lungu. Haka abin yake a wasu sassan Afirka. A Kinshasa, cikin shekarun 1950, an yi gungun samari da ake kira Bills, daga sunan Buffalo Bill, masu shigar kaboyi da nasu zaurancen. A garuruwan haƙar tagulla na Zambiya ta yau, yara sun raɗa wa kowane jarumin kaboyi suna Jack. Da Italiyawa suka shigo harkar da finafinai masu arha irin su Django na 1966, sai sunan Jango ya zama laƙabin duk wani mai ji da kansa a unguwa.

Gargaɗin Mustafa Alasan

Mutanen Nijar ba su tsaya ga kallo ba. Tun a 1958 Bafaranshen nan Jean Rouch ya yi fim da ƴan ci-ranin Nijar a Abijan, inda Umaru Ganda, mai dako a tashar jiragen ruwa, yake kiran kansa da sunan ɗan wasan Amurka Edward G. Robinson, abokansa ma kowa da sunan da ya aro daga silima. Shekara takwas bayan haka, a 1966, Mustafa Alasan ya yi wani ɗan gajeren fim na minti talatin da ƴan kai, Le Retour d'un aventurier, wato dawowar ɗan yawon duniya, wanda ake lissafawa cikin finafinan kaboyi na farko da ɗan Afirka ya shirya.

Labarin mai sauƙi ne. Wani saurayi mai suna Jimi ya dawo ƙauyensu daga Amurka da akwati cike da tsaraba: malafu, wanduna, takalma masu ƙaimi da bindigogi. Ya raba wa abokansa, kowa ya ajiye sunan yanka ya ɗauki sabo, wannan Black Cooper, wancan James Kelly, budurwar da ke cikinsu kuma Sarauniya Christine. Suka hau dawaki suka shiga shaye-shaye da caca da sata da dukan bayin Allah, suka raina dattawan gari, daga ƙarshe wasan ya koma zubar da jini a tsakaninsu. Fim ɗin yana ba da dariya, amma tambayar da ke cikinsa mai nauyi ce: idan yaro ya ari rigar wani ya yafa, halin wa zai ɗauka? Mustafa Alasan, wanda ya yi shekarun ƙarshe na rayuwarsa a Tawa ya kuma rasu a 2015, ya yi wannan tambaya Nijar tana da shekara shida kacal da samun ƴancin kai.

Akwai darasi na biyu a bayan wannan fim. Zalika Sule, wadda ta fito a matsayin Sarauniya Christine, ta zama ɗaya daga cikin matan farko da suka riƙi wasan fim sana'a a Afirka ta Yamma. Sau da yawa ana ba ta matsayin mace mara kamun kai, kuma jama'a da dama sun kasa raba wasa da gaske, suka bi ta da zagi da tsangwama a titunan Yamai. Ta ba da wannan labari da bakinta a fim ɗin da Rahmatu Keita ta yi a kan rayuwarta, wanda aka nuna a bikin Cannes na 2005. Mai kallon da ya yi wa kaboyi tafi kamar gaske, shi ne kuma ya hukunta ƴar wasa kamar gaske. Rauni ɗaya ne, kuma har yau muna ganinsa idan aka tare ɗan wasan Hausa a kasuwa ana tuhumarsa da abin da ya yi a fim.

Indiya ta karɓe fage

Ba doka ce ta kori kaboyi daga silimominmu ba, kuma wa'azi bai kore shi ba. Masu kallo ne suka sami abin da ya fi kwanta musu. Masu gidajen silima sun fara gwada finafinan Indiya tun shekarun 1950 saboda su ma suna da arha, sai suka ga an fi cika a darensu. A cikinsu akwai uwa da uba da suruki, akwai kunya, akwai auren dole da soyayyar da talauci ya raba, akwai mata masu lulluɓi da maza masu rawani. Kaboyi kuwa mutum ne da ba shi da dangi, ba a san gidansu ba, ya shigo gari ya yi kisa ya fice. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano cikin shekarun 1990, da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu mai yawa a kan wannan shaƙuwa. Har laƙabi Hausawa suka raba wa ƴan wasan: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin.

Abin sha'awa, ɗaya daga cikin finafinan Indiya da suka fi shahara a wurinmu, Sholay na 1975, kaboyi ne da aka yi wa wankan Indiya. Akwai dawaki da duwatsu da harin jirgin ƙasa, akwai ɗan fashi Gabbar Singh da ya addabi ƙauye, da ɓarayi biyu da wani tsohon ɗan sanda ya ɗauka haya su kamo shi. Amma Ramesh Sippy ya ƙara abin da na Amurka ba shi da shi: amana tsakanin abokai biyu, bazawara mai takaba da ba ta iya furta abin da ke ranta, limamin ƙauye makaho da aka kashe wa ɗa, ga waƙoƙi. Da ya fito, masu sharhi a jaridu sun kushe shi, makonnin farko kasuwa ta yi sanyi. Sai waɗanda suka gani suka riƙa gaya wa waɗanda ba su gani ba, har ya shafe fiye da shekara biyar ana nuna shi a silimar Minerva ta Bombay.

Daga nan taki ɗaya ya rage. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. Kuɗin da aka kashe wa irin waɗannan finafinai ba su kai na abincin ma'aikata na yini ɗaya a babban fim na Holiwud ba, hotonsu yana rawa, sautinsu yana ƙara, amma da Hausa ake magana kuma matsalar gidanmu ake tattaunawa. Cikin ƴan shekaru kaset ya shiga ɗakunan matan aure da silima ba ta taɓa kaiwa gare su ba, daga Kano har Maraɗi da Damagaram. Gidajen silima suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Asarar manyan kamfanoni

A can gidansa ma kaboyi ya fara rasa kasuwa. Talabijin ta cika gidajen Amurka da shi har aka ƙoshi, yaƙin Biyetnam kuma ya sa matasa suka daina yarda da labarin farin jarumi mai gaskiya kullum. A lokaci guda tsarin kasuwar ya canja. Bayan ribar da Jaws ya kawo a 1975 da Star Wars a 1977, kamfanoni suka rage yawan finafinan da suke yi, suka koma zuba maƙudan kuɗi a kan ƴan kaɗan da fatan kowanne ya cinye kasuwar duniya. Wanda ya zuba ƙwansa duka a kwando ɗaya, tuntuɓe guda ya ishe shi.

Tuntuɓen farko da ya girgiza su fim ɗin kaboyi ne. Heaven's Gate na 1980 ya ci dalar Amurka miliyan 44, abin da ya dawo bai kai miliyan 4 ba, kuma a shekarar da ta biyo aka sayar da kamfanin United Artists da ya ɗauki nauyinsa. Wild Wild West na 1999 da Cowboys & Aliens na 2011 kowanne ya ci fiye da miliyan 150, ba su dawo da abin da aka sa rai ba. Sannan The Lone Ranger ya zo.

Jaruminsa tsohon suna ne a Amurka. Ya fara a wasan rediyo a birnin Detroit a 1933, ya koma talabijin daga 1949 zuwa 1957: mahayi mai rufe fuska da farin doki, tare da abokinsa Tonto, ɗan asalin ƙasar. Disney ya haɗa mutanen da suka kawo masa riba a finafinan Pirates of the Caribbean, wato Jerry Bruckheimer da Gore Verbinski da Johnny Depp. A 2011 aka dakatar da aikin saboda tsada, aka sake ɗaurawa, aka ƙera jiragen ƙasa aka shimfiɗa musu layin dogo na musamman a jihar New Mexico. An kashe kimanin dala miliyan 225 ko fiye, ban da kuɗin talla. Ya fito ranar 3 ga Yuli 2013, ya tara kimanin miliyan 260 a duniya. Wanda bai san harkar ba zai ce an ci riba, amma kusan rabin kuɗin tikiti na masu gidajen silima ne, talla kuma ta ci nata. A rana ɗaya da shi aka fitar da Despicable Me 2, fim ɗin zane na yara da ya ci miliyan 76, ya tara fiye da miliyan 900.

Waɗanda suka je kallonsa yawanci manya ne da suka san sunan tun daga talabijin, yaran da aka yi lissafin za su ja iyayensu ba su san shi ba. Ya yi tsawo, kusan awa biyu da rabi. Ana cikin barkwanci sai a nuna kisan gilla a kan ƙabilar Comanche, a sake komawa barkwanci. Da yawa daga cikin ƴan asalin Amurka sun nuna rashin jin daɗin yadda Depp ya shafa farin fenti ya ɗora mataccen hankaka a ka ya fito a matsayin ɗayansu. Depp da Bruckheimer suka ɗora laifin a kan masu sharhi, suka ce sun yanke wa fim ɗin hukunci tun kafin su gan shi. Amma ai Sholay ma an kushe shi, masu kallo suka ɗaga shi.

Kuma ba a ce an daina son labarin doki da bindiga ba. Dances with Wolves na 1990, wanda ya ba ƙabilar Lakota baki suka yi magana da harshensu, ya ci kimanin miliyan 22 ya tara fiye da miliyan 400. True Grit na 2010 ya ci miliyan 38 ya tara kimanin 250. Amma shi kansa Kevin Costner, mai Dances with Wolves, da ya zuba miliyoyin aljihunsa a Horizon a 2024, jama'a ba su fito ba, har aka janye kashi na biyu daga ranar da aka sa masa. Suna da kuɗi suna iya kai fim ƙofar silima, shigar mutane kuwa sai sun ga dama.

Wa muke yi wa tafi?

Akwai abin da ya kamata a faɗa wa yaranmu a fili. A yawancin tsofaffin finafinan nan, idan aka busa ƙaho sojojin doki suka ɓullo suna harbin mutanen da ke da gashin tsuntsu a ka, silima takan ruɗe da tafi. Waɗannan da ake harbi su ne masu ƙasar, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa bisa kuskure. An ƙwace musu filaye, an karkashe ɓaunar da suke rayuwa a kanta, an tattara su a killatattun wurare. Ranar 29 ga Disamba 1890, a wani wuri da ake kira Wounded Knee, sojojin Amurka suka kashe ƴan Lakota tsakanin 250 da 300, da yawansu mata da yara.

Shekara tara bayan haka, a 1899, rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasarmu. Ta yi karo da Sarauniya a Lugu cikin watan Afrilu, ta ƙone Birnin Ƙonni a watan Mayu, ta bi ta ƙasar Gobir tana barin gawawwaki da toka, har zuwa Yuli lokacin da sojojinsu suka juya musu baya suka kashe su a wajen Maijirgi, kusa da Tasawa. Jikokin waɗanda aka yi wa wannan ɗanyen aiki su ne suka zauna a benci suna yi wa sojan doki tafi, saboda mai riƙe da kyamara ya tsaya a bayan soja. Da Med Hondo ya juya kyamarar a fim ɗinsa Sarraounia na 1986, wanda ya ɗauko daga littafin Abdullahi Mamani, sai aka ga labarin ta ɗaya gefen, kuma fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987.

Haka nan maganar warware rikici. Shane na 1953, ɗaya daga cikin fitattun finafinan kaboyi, rikici ne tsakanin mai garken shanu da manoma a kan fili, kuma baƙo mai saurin hannu ne ya kashe wutar da harsashi ya hau dokinsa ya tafi. Mu mun san ƙarshen irin wannan rikici idan ya bar hannun sarki da alƙali. Mutanen jihar Maraɗi ba su manta da Toda ba, inda a watan Oktoba na 1991 aka hallaka fiye da mutum ɗari, akasari mata da yara. Dokar karkara ta 1993 da kwamitocin filaye da ta kafa sun zo ne domin a sami wurin zama a yi magana kafin a kai ga haka. Yau kuma ƙauyukan Madarumfa da Gidan Rumji suna kwana da fargabar ƴan bindiga a kan babura. Fim bai haifi wannan bala'i ba, tushensa talauci ne da zalunci da yawan makamai. Sai dai yaron da ya tashi yana ganin mai bindiga a matsayin alƙali yana buƙatar babban da zai nuna masa abin da ke biyo baya idan an kashe fitila an watse: marayu, zawarawa, da gonakin da ba a nome ba.

Abin da ya rage gare mu

Silimar da iyayenmu suka sani tana da ƙofa da mai tikiti da lokacin tashi, kuma uba yana iya sanin ɗansa ya je ko bai je ba. Ta yau tana cikin aljihu. Yaro a unguwar Zariya yana karɓar fim goma a katin salula da kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba, na Indiya da na Sin da na Amurka, duk an fassara su da Hausa. Hani kaɗai bai yi aiki ba a 1951, da wuya ya yi yanzu. Abin da tarihin nan ya nuna shi ne mai kallo yana da hukunci a hannunsa, kuma hukuncin yana gyaruwa idan ya sami abin kwatantawa.

Wannan aiki ne da malami zai iya yi ba tare da na'ura ba. A darasin tarihi, idan an zo kan shigowar Turawa, a tambayi yara fim ɗin da suka kalla a makon, sannan a bi su da tambayoyi huɗu. Wa ke ba da labarin? Wa aka kashe ba a ko faɗi sunansa ba? Da a garinmu abin ya faru, wa za a kai wa ƙara? Wa ya sami kuɗi da kallon da kuka yi? A sa su sake ba da labarin da bakin wanda aka kayar. Yaran aji shida suna iya wannan, kuma sukan ba da amsar da za ta ba babba mamaki. A darasin lissafi ma, kuɗin The Lone Ranger sun isa aikin allo: ga abin da aka kashe, ga abin da aka tara, a cire rabon masu silima, a ga abin da ya saura.

Iyaye kuma, musamman waɗanda suka ga zamanin Vox da Ɗan Kasawa, kuna da abin da ba ya cikin littafin makaranta. Ku zauna ku kalli fim ɗaya da yaranku, ku ba su labarin Jango da yadda aka yi yayinsa aka gama, ku gaya musu dalilin da ya sa kuka bar shi kuka koma wani. Idan kaka yana raye, a kai su wurinsa su ji abin da ya ji daga nasa kakan game da shekarar da aka ƙone Ƙonni.

Allah ya shirya mana zuriya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.